Gumbar Matar Cikin Littafi

Bana ma an kawo injin ɓarar gyaɗa ƙofar gidanmu. Ya yi ta kururuwa tun hantsi, kafin azahar ya gama aikin da a zamaninmu mata goma za su yi wata guda a kansa. Ban ce injin bai kyauta ba. Yatsuna sun san abin da ɓawon gyaɗa ke yi wa fata, har yau babban yatsana na dama da kantarsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne a gaban injin nan ba mai jin maganar wani. Mata su zo da buhunansu, kowa ta toshe hanci da gefen mayafi, ido a kan salula, a gama a watse ko sannu ba a yi wa juna ba. Jikokina kuwa a cikin salular nan suke karanta labaran soyayya. Sai ka ga ɗaya tana hawaye, kafin ka tambaye ta lafiya ta share ido ta tafi neman ƙanzo a tukunya. Labari ya yi musu yawa har ya daina kama su. Ni guda ɗaya tak aka taɓa karanta mini a ƙuruciyata, kuma sai da ya juya mini rayuwa.

Zamanin Nasara ne, lokacin da kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yankin, ke zaune a Magariya, gyaɗa kuma ita ce sarauniyar ƙasar. Ni 'yar wani ƙauye ce ta wajen Guci. Na yi aure shekara biyu, sanƙarau ya ɗauke mijina, na gama takaba na koma gidanmu ina zaman shiru. Da kaka ta yi, mahaifina ya ɗora ni bisa jaki tare da ayarin masu kai gyaɗa, ya ce in je wurin ƙanwarsa a Magariya in sha iska, in ayarin ƙarshe zai komo in biyo shi. Ban taɓa ganin gari mai girman haka ba. Raƙuma na gurnani a bakin kasuwa, jakuna na kuka, manyan motocin da ake ce wa kamyo suna tashi da ƙara kamar za su tsaga ƙasa, 'yan dako na waƙa suna jifa da buhu. Ko'ina ƙanshin soyayyar gyaɗa. Na yi kwana uku ina tafiya a bayan Gwaggo ina riƙe da gefen zaninta, tana ce mini in sake ta, ita ba akuya ba ce da za a riƙe mata igiya.

Gwaggo man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. A tsakar gidanta akwai rumfar kara, nan matan unguwa ke taruwa bayan azahar, kowa da ƙwaryarta, a zube gyaɗa a tsakiya a yi ta ɓara har la'asar sakaliya. Yau a yi ta wannan, gobe a yi ta waccan. Ƙas, ƙas, ƙas, sautin nan ba ya yankewa, a kansa ake ɗora hira. A rumfar nan ake sanin wa ta haihu, wa ya yi tafiya Kano, wace ce miyarta ba gishiri. Gwaggo ce alƙaliyar wurin. In wata ta cika surutu hannunta ya tsaya, sai ta ce, “Bakinki ya fi yatsunki ƙwazo, da da baki ake ɓara da tuni mun tashi.” Ba mai fushi, don kowa ta san gobe kan wata zai faɗa.

Ban yi wata guda ba aka aiko neman aurena. Wani tsohon soja ne mai ɗinkin buhuna a wurin da ake auna gyaɗa, kowa Soja yake ce masa. Dogo ne, bai tsufa ba, amma furfura ta riga ta fito masa a gefen kai. Ya yi yaƙin Nasara a wata ƙasa can bayan teku, ya komo da hannu da ƙafa lafiya lau, sai dai bakinsa ya rufe. Yana salla, yana aikinsa, ba ya cin haƙƙin kowa. Amma in kamyo ya yi tari da ƙarfi sai a gan shi kwance a ƙasa ya rufe kai da hannu. Wata rana kuma wani ya tashe shi daga barcin rana ba sallama, ya shaƙe mutumin sai da aka ɓamɓare shi. Mutane suka ce iskokin can ƙasar ne suka biyo shi. Yayarsa ce ta zo da maganar. Da ta fita Gwaggo ta ce mini, “Ke bazawara ce, ba mai zaɓa miki. Amma in ni ce, ba zan rufe ƙofa da mutumin da ban san me ke cikinsa ba.” Na ce a ba ni lokaci zuwa tashin ayarin ƙarshe. Gaskiyar magana kuwa, sau biyu na gan shi yana ɗinki a bakin hanya, ya ɗago ya dube ni ya sunkuyar da kai, kuma duk sau biyun sai da gabana ya faɗi. Ina son sa, ina tsoron sa, ban san wanne ya fi ba.

Maƙwabciyar Gwaggo wata ungozomar likita ce, mutuniyar Dahome, da Nasara suka kawo aiki. Madam muke ce mata. Gajeriya ce mai ƙiba, mai yawan dariya, ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar. Kaɗaici ke kawo ta rumfarmu in ta taso aiki. Ta gwada ɓara, cikin yini ɗaya yatsunta suka yi bororo, Gwaggo ta ƙwace ƙwaryar ta ce a bar hannun nan ga jarirai. Madam ta ce ba za ta zauna tana cin gyaɗar mutane a banza ba. Washegari sai ga ta da littafi mai jan bango, ta ce za ta riƙa karantawa da Faransanci a zuci tana juya mana da Hausa. Ta buɗe ta fara: wai akwai wata yarinya kyakkyawa a wata ƙasa mai sanyi, manema sun yi ta zuwa tana korarsu, kowa ta samo masa aibi, har ranar da wani baƙo ya iso garin.

Gwaggo ta ɗaga hannu. “Dakata, Madam. Wannan ai tatsuniya ce, mun san ta. Ba a tatsuniya da rana a gidana. Mai yi ɓata yake a daji, haka muka ji tun kakanni.”

Madam ta ce, “Iya, ba tatsuniya ba ne. Littafi ne.” Ta juyo mana da shi muka ga baƙaƙen rubutu a jere kamar tururuwa.

Gwaggo ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, “To, in rubutacce ne wannan daban. Ci gaba.”

Yaran yanzu ba za su gane abin da ya faru a wannan lokacin ba, sai na yi musu bayani. Mu rubutu iri biyu muka sani a duniya. Akwai na malamai, na Alƙur'ani da allo da laya. Akwai na Nasara, takardar da in ta fito daga wurin kumandan sai ta ɗauke mutum daga gonarsa ta kai shi aikin hanya, ko ta kai shi bayan teku kamar yadda ta kai Soja. Duka biyun ba a wasa da su, kuma ba mu taɓa jin ɗayansu ya yi ƙarya ba. Tatsuniya kuwa abin baka ce, kaka ta faɗa ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san ba a yi ba. Saboda haka da Madam ta ce ba tatsuniya ba ce, ita tana nufin abu ɗaya, mu kuma duk rumfar muka ji wani: cewa yarinyar nan an yi ta, da iyayenta, da garinsu. Madam ba ta san haka muka ɗauka ba, mu kuma ba mu ga abin tambaya ba.

Farkon labarin ya bi sawun wanda kakata ke ba mu, na budurwar da ta ƙi kowa ta auri baƙo kyakkyawa, ashe dodo ne. A na kakata ƙanwarta ce ke bin ta a ɓoye ta kuɓutar da ita, a gudo gida, a yi dariya a kwanta. Na zauna ina jiran ƙanwar nan ta littafi, ba ta zo ba. Baƙon ya kai amaryarsa wani ƙaton gida a tsakiyar daji, kuma bai rikiɗa ya zama komai ba, mutum ne kamar kowa. Sai dai akwai abin da ke kansa: duk wadda ya so da gaske sai ta riƙa bushewa a hankali har ta mutu. Ya sani, ya riga ya binne biyu. Don haka yake ɗaure mata fuska, yake gaya mata baƙar magana, yake barin gidan kwana da kwanaki, duk don kada son ya kama shi. In ya wulaƙanta ta sai ta tashi da ƙarfinta. Ranar da ya manta ya yi mata murmushi kuwa, washegari ba ta iya ɗaga tulu. Da ta gane haka, na ce to yanzu za ta gudu. Shi da kansa ya buɗe mata ƙofa, ya ɗaura wa doki sirdi, ya ce ta tafi. Ta mai da dokin ta ɗaure, ta shiga neman murmushin nan da duk dabarar da ta sani.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Tsoro ba shi ne ya fi kama ni ba, mamaki ne. A tatsuniya ana gaya maka abin da mutum ya yi da abin da ya ce. Wannan kuwa yana shiga cikin ƙirjin matar, ya faɗi abin da take tunani tana zaune ita kaɗai, abin da ko uwarta ba za ta gaya wa ba. Akwai wurin da ta ji takunsa a bakin ƙofa, ta rasa ko addu'a take ya shigo ko ya wuce. Da Madam ta faɗi wannan sai gyaɗar ta suɓuce mini, na duba ko wata ta ga fuskata. Na ce a raina, wa ya gaya musu? Sai na yanke cewa lalle matar ta zaunar da wani malamin Nasara ta gaya masa komai, ya rubuta. Wannan ya ƙara tabbatar mini gaskiya ce, don ba wanda zai san irin wannan abu sai wadda ya same ta. Rumfar da ba ta shiru ta koma ba ka jin komai sai ƙas, ƙas, da muryar Madam tana tsayawa tana laluben kalma. Kullum shafi kaɗan take yi ta rufe, ko mun roƙe ta. Mata suka daina makara. Har wadda ke da jego ta zo da jaririnta a goye.

Ranar da za a gama, matar ta riga ta kwanta. Mijin ya gaji da yaƙi da zuciyarsa, ya zo ya zauna kusa da ita, ya gaya mata duk abin da ya ɓoye, kowace kalma tana rage mata numfashi, ita kuma tana cewa ya ƙara. Na kasa haƙuri na ce, “Madam, don Allah ki sa wani ya zo.” Kakata in muka yi kuka takan sauya ƙarshen labari. Madam ta girgiza kai ta ce, “Ba zan iya ba, haka aka rubuta.” Ta karanta sauran. Matar ta mutu kafin faɗuwar rana, mijin ya haƙa rami shi kaɗai ya sa ta, ba dangi, ba maƙwabci. Madam ta rufe littafin. Ba ƙurunƙus. Gwaggo ta ja salati, ta fyace hanci da gefen zani, ta ce hayaƙin murhu ne ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Abu biyu na ƙudura a ranar. Na farko, zan ce wa yayar Soja a'a. Na ɗauka Allah ne ya kawo ni Magariya in ji abin da ke samun mace in ta bi mutumin da duhu ke cikinsa. Na yi kuka a kan haka, amma na ƙudura. Na biyu, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka binne baiwar Allah nan ba wanda ya yi mata ko sadakar uku. A wurinmu ko baƙo ne ya faɗi a kasuwa sai an sami mai daka masa gumba. Na gaya wa Gwaggo. Ba ta yi musu ba, ta ɗebo tiya guda ta gero a rumbunta ta ce a haɗa da nata. Mata biyu na rumfa suka kawo zuma. Kwana uku daga ranar da muka ji rasuwar, na jiƙa gero, na daka, na mulmula gumba cike da ƙwarya, na kai wa limamin unguwa kasonsa.

Ya ce, “Wa ya rasu, ɗiyata? Ban ji sanarwa ba.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, wata baƙuwa ce, a nesa. Ba ta da kowa.”

“Musulma ce?”

“Ban sani ba.”

Ya ce, “Allah ya san bayinsa.” Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, na shafa.

Da azahar Madam ta shigo rumfa na miƙa mata nata dunƙulen. Ta gutsura ta ce wa ya mutu. Da na gaya mata sai ta tsaya da tauna. Ta dube ni, ta dubi Gwaggo, ta fashe da dariya har tana dafa ƙasa. Sai da ta ga ba mai taya ta sannan ta yi shiru. Ta riƙo hannuna ta ce, “Ƙanwata, babu matar nan. Ba a taɓa yin ta ba. Wani ne ya zauna a ɗakinsa ya ɗauki tsohuwar tatsuniyar ƙasarsu ya ƙaga sauran daga kansa.” Na ce, to abin da ke cikin zuciyarta fa, wa ya gaya masa? Ta ce ba kowa. Na ji kamar ƙasa ta matsa a ƙarƙashina. Kunya ta kama ni, amma mamakin ya fi kunyar. Wai mutum, ɗan Adam mai cin tuwo, wanda bai taɓa ganina ba, bai san akwai Guci a duniya ba, ya zauna ya ƙago mace daga babu, ya sa mata abin da ke cikin ƙirjina, har na yi mata zaman makoki. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Kafin magariba labari ya kai kasuwa. Aka sa mini suna mai gumbar takarda. Matan da suka kawo zuma suka ce su dama sun san wasa ne. Gwaggo ta ce ita geronta sadaka ta yi, ba ta ambaci sunan kowa ba, kuma duk wadda ta sake tayar da maganar ta nemi wata rumfar. Liman ya aiko a gaya mini addu'a ba ta faɗuwa ƙasa, gumbar kuma ta yi daɗi. Na yi kwana biyu ban leƙa waje ba. Ayarin ƙarshe ya fara ɗaure kaya.

A rana ta uku da la'asar aka ce ana sallama da ni a zaure. Na fita na tarar da Soja tsaye, da ɗan buhu a hannu. Amsata tana bakina a shirye. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban bango.

Ya ce, “Na ji abin da kika yi.”

Na ce, “Kai ma dariyar ka zo yi?”

Ya ce, “A'a.” Ya ajiye buhun a gabana, gero ne. Ya ce, “Akwai waɗanda na baro can. Ba wanka, ba salla, wasu ko rami ba su samu ba. Wasu Musulmi ne, wasu ban sani ba. Iyayensu ba su san ranar ba, balle su yi musu sadaka. In na fara ba da labarinsu a garin nan sai a ce iska ne ke magana. Na ce wadda ta daka wa matar da ba ta taɓa gani ba, wataƙila za ta daka musu.”

Sai ya fara kiran sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, da garin kowa. Wani daga bakin kogi, wani daga ƙasar Mosi wanda ya koya masa ɗinki, wani yaro daga nan wajen Dungas da bai fara aski da aska a haɓa ba. Bai tsallake ko ɗaya ba. Goma sha ɗaya na ƙirga. Yana faɗa ina dubansa, karo na farko ba tare da na sunkuyar da kai ba. Abin da ke kan mutumin littafi ba shi da dalili, ba shi da magani. Abin da ke kan wannan kuwa mutane ne, kowa da sunansa, ya ɗauko su shi kaɗai tun daga bayan teku bai sami inda zai sauke ba.

Na buɗe buhun na duba. Na ce, “Wannan ba zai ishi mutum goma sha ɗaya ba. Ka ƙaro tiya biyu, da zuma.”

Ayari ya tashi ba da ni ba. Ba zan ce Soja ya warke ba. Har ƙarshen ransa in mota ta yi ƙara yakan ƙanƙame duk abin da ke kusa, kuma na koya wa 'ya'yanmu kada su tashe shi sai daga bakin ƙofa, da sallama. Akwai shekarun da suka yi wuya, ba na ɓoyewa. Amma ban bushe ba, ga ni nan na ga jikokin jikokin Gwaggo. Kowace kaka in an shigo da sabon gero nakan daka gumba, ya zauna a bakin turmi ya kira sunayen, in ce amin. Da ya rasu na ci gaba da kira ni kaɗai, na sa nasa a kai ya zama goma sha biyu. In na gama da su nakan mulmula dunƙule ɗaya na daban, ba na gaya wa kowa na wace ce. Na san ba a yi ta ba, Madam ta gaya mini. Amma hannuna bai taɓa yarda ya tsallake ta ba.